An Ɗaura Aure a Gadarif, Takarda Ta Hana Tarewa

Wanda ya sauka Gadarif ta Sudan da kaka, ana yankan riɗi, dawa ta fara sunkuyar da kai, sai ya ɗan jima kafin ya yarda cewa ya baro Kano da kusan kilomita 3,000. Baƙar laka ce shimfiɗe iyakar ganin ido, da rani ta dare, da damina ta riƙe ƙafar mutum da ta mota. Ga ɗakunan jinka da suke kira guɗɗiyya, ga dogayen rumbunan hatsi na siminti da ake hangowa tun daga bayan gari, ga kasuwar amfanin gona inda ake gwanjon riɗi da dawa da ƙaro. Da la'asar sakaliya hayaƙin agashe ya turnuƙe bakin titi. Mai agashen nan kuwa, in ka ce masa sannu da aiki, sau da yawa da Hausa zai amsa maka, Hausa mai gardin Larabci, wadda ta riƙe kalmomin da mu a gida sai a bakin tsofaffi muke jin su.

A gidajen wannan gari akwai wata takarda da ake naɗewa cikin leda a ajiye a ƙasan akwati, ƙarƙashin laffaya da kwalaben humra. Sunanta gasima. Ita ce shaidar aure da ma'azun, wato mai ɗaura aure, yake cikewa ranar ɗaurin aure: sunan ango har zuwa kakan ubansa, sunan amarya haka, sunan waliyyi, shaidu biyu, adadin sadaki, sa hannu da hatimi. A wurin shari'a da wurin mutanen unguwa, aure ya ɗauru tun da aka shafa fatiha. Amma ranar da aka ce ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan Najeriya ne, yana kuma son ya ɗauki abokin zamansa su koma gida, wannan takarda ake fara tambaya, kuma ita kaɗai ba ta isa.

Da can maganar komawa gida ta wata rana ce, in Allah Ya kai mu. Daga 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, ta zama ta yau ko gobe. Gadarif ba ta faɗa hannun RSF ba, amma ta ɗauki kayan da suka fi ƙarfin wuyanta. Tun a Nuwamba 2020 take riƙe da 'yan gudun hijirar Tigray, waɗanda aka tsugunar a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, jama'a suka kwararo. Da aka ci Sinja a ƙarshen Yuni 2024, wasu suka sake kwararowa, da yawa a ƙafa, cikin ruwan sama da taɓo. Makarantu suka zama masauki, kuɗin haya ya tashi. A cikin wannan cunkoso akwai gidajen da miji ɗan Kano ne mata 'yar Gadarif, akwai kuma waɗanda matar ce 'yar Zariya ko Maiduguri, mijin ɗan Sudan. Dukkansu gida Najeriya suke hange. Dokar ƙasarmu kuwa ba ƙofa ɗaya ta buɗe musu ba.

Hanyar da ta kai mu can

Hausawan Sudan ba jiya suka je ba. Ɗaruruwan shekaru alhazai suna bin hanyar gabas a ƙafa da kan jaki, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, su tsaya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, su ƙara gaba har Sawakin, bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru. Wani ya isa Makka, wani ya yi aure a hanya, wani aka binne shi a garin da bai taɓa jin sunansa ba kafin ya baro gida. Babbar hijira ita ce wadda ta biyo bayan yaƙin Burmi a Yulin 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, a gaɓar Nilul Azraƙ kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, hannun Hausawa da Fulani da Barebari ya yi aiki a ciki ba kaɗan ba. Jirgin ƙasa ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, noman tarakta ya fara a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, mutanenmu suka bazu a ƙauyukan kogin Rahad da na Atbara, suna noma, suna su, suna lambu. Wani masani, C. Bawa Yamba, ya fitar da littafi a 1995 kan waɗannan al'ummu, inda ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a Sudan suke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya masu niyyar hajji.

Zumuncin bai taɓa zama mai hanya ɗaya ba. Malaman Sudan ne suka koyar a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Koyon Larabci. A shekarun 1950 su Malam Abubakar Gumi sun yi karatu a Bakhtur Ruda. Daga baya dubban 'ya'yanmu suka cika Jami'ar Afirka ta Hartum da sauran jami'o'in ƙasar. Laffaya da dilka da halawa da turaren wuta da amarenmu ba sa tarewa sai da su, ta wannan hanya da yawansu suka shigo mana. Inda ake irin wannan cuɗanya kuwa dole a yi auratayya. Ɗalibi ya sauka gidan dangin kakansa ya ga 'yar gidan, ɗan kasuwa mai sayen riɗi ya nemi ƙanwar abokin cinikinsa, ɗaliba mai karatun likita ta haɗu da ɗan ajinsu. Babu wanda yake jin baƙo ya aura. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, wani lokaci ma kaka ɗaya.

Sai dai ita takarda ba ta san kaka ba, sai wanda aka rubuta.

Ciwon jinsiyya

Kafin a zo ga dokar Najeriya, dole matar nan ko mijin nan su mallaki fasfon Sudan. A nan Bahaushen Sudan yake da tsohon miki. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Mai Wurno bayan 1903 suka iso, ke nan alƙalami ya bar su a waje tun ranar farko, balle alhazan da suka biyo baya. A zamanin Numairi aka matso da ranar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta mayar da ita 1 ga Janairu 1956, ranar samun 'yancin kai. Doka ta sassauta, amma halin ofis bai sassauta da sauri haka ba. Wanda aka kira Fallata ko Takari ya saba da a ce ya kawo ƙarin shaida, ya zo da umda ko shehin ƙabila, ya dawo gobe. Lambar ɗan ƙasa da suke kira raƙam waɗani, wadda ba a samun fasfo sai da ita, tana bukatar shaida daga dangin uba. In uban ya mutu bai taɓa karɓar jinsiyya ba, wato takardar zama ɗan ƙasa, 'ya'ya sun gaji wahala.

A Oktoba 2008 wata jarida ta ruwaito cewa Shugaba Umar al-Bashir ya ce Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. An musanta maganar, amma kafin nan Hausawa sun fito zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwan gabas, har aka yi arangama da 'yan sanda. A Yulin 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, aka kashe mutum fiye da 100 cikin 'yan kwanaki, Hausawan Kasala da Gadarif da Hartum suka sake fitowa titi. Kalmar da ta fi yi musu ciwo a lokutan biyu ita ce a ce su baƙi ne, su koma inda suka fito.

Ina ganin duk ɗan Najeriya ya kamata ya tsaya ya yi tunani a nan. Mutumin da ake ce wa koma ƙasarku, in ya waiwayo ƙasar da ake nufi, ita ma biza take tambayarsa. Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ɗan bar masa kafa: sashe na 26 ya ce baligin da aka haifa a waje, wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne, yana iya neman a yi masa rajistar zama ɗan ƙasa. To amma ina takardar kakan da ya bar Haɗeja a kan jaki kafin a san da wata aba wai ita takardar haihuwa? Su sun san sunan garinsu da unguwarsu, wasu har sunan mai unguwar zamanin. Ofis hatimi yake so.

Ƙofar amarya

Mu ɗauki gida na farko, inda miji ne ɗan Najeriya. Shi doka ta yi masa gata. Sashe na 26 ya ba duk macen da take auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, damar neman rajistar zama 'yar ƙasa. Sharuɗɗan uku ne: shugaban ƙasa ya gamsu da halinta, ta nuna niyyar zama a Najeriya, ta yi rantsuwar biyayya. Ba a sa mata adadin shekaru a cikin sashen ba. Sashe na 28 kuma bai tilasta mata ta yar da jinsiyyar da aka haife ta da ita ba. Kafin ta kai ga wannan, tana iya zama da izinin Hukumar Shige da Fice, da katin zama da ake kira CERPAC, wanda aka daɗe ana sanya matan 'yan Najeriya cikin rukunin da ba sa biyan kuɗinsa. Tsarin biza da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Fabrairu 2020, wanda ya faɗaɗa nau'o'in biza daga 6 zuwa 79, ya ware guda mai lamba N1A domin abokin auren ɗan Najeriya. Abin da ake nema sananne ne: wasiƙar miji cewa ya ɗauki nauyinta, kwafin fasfonsa, fasfonta mai sauran wa'adi, da takardar aure.

A rubuce abin kamar shan ruwa. A Gadarif kuwa kowane layi a cikin jerin nan tafiya ce mai zaman kanta.

Gasima da Larabci take. Sai hukumar shari'a ta gaskata ta, ma'aikatar harkokin waje ta buga nata hatimin, a fassara ta zuwa Turanci, sannan ofishin jakadanci ya duba. Kafin yaƙi duk waɗannan ofisoshi a Hartum suke, mai nisan kimanin kilomita 410 daga Gadarif, kuma Hartum ce filin daga na farko. Jakadu suka kwashe ma'aikatansu, gwamnati ta koma Fot Sudan. Aikin buga fasfo ya tsaya cik tsawon watanni, sai a ƙarshen Agusta 2023 aka buɗe sabuwar ma'aikatarsa a Fot Sudan, layi kuwa ya zama na kwana da kwanaki. Dubban mutane fasfonsu ya maƙale a ofisoshin jakadancin da aka rufe, Amurka ma ta tabbatar da cewa ta lalata waɗanda ke hannunta kafin ta fice. Wanda ya gudo daga Madani da kayan jikinsa, gasimarsa tana can cikin akwatin da aka fasa.

Sannan ga matsalar suna, wadda wanda bai taɓa tsayuwa a gaban tagar ofis ba zai ɗauka ƙarama ce. A fasfon Najeriya an rubuta Usman Abubakar. A gasima an rubuta sunaye huɗu da Larabci. Mai fassara ya juya su ya rubuta Osman Babikir, don haka kunnensa ya saba ji. Jami'i ya ɗora takardun biyu gefe da gefe, ya sa yatsa a kan wannan, ya sa a kan wancan, ya turo su waje. Ranar haihuwar amarya kuma 1 ga Janairu ce, kamar ta dubban 'yan Sudan da likita ya ƙiyasta musu shekaru, alhali a wata takardar makaranta an sa wata rana dabam. Kowane gyara sabon hatimi ne, kowane hatimi sabuwar tafiya ce a hanyar da ke cike da shingayen bincike, inda baƙuwar fuska da baƙon lafazi suke iya jawo wa mutum tsarewa.

In takardu sun kammala, saura hanya. Daga Gadarif mafi kusa ita ce ta Gallabat zuwa Matama a Habasha, a wuce Gondar, a kai Addis Ababa, a hau jirgi zuwa Kano ko Abuja. Ita ma tana bukatar bizar Habasha, kuma tun da rikici ya ɓarke a yankin Amhara a 2023 ba kullum take biyuwa ba. Ta Masar kuwa ta raba iyalai da dama. A farkon yaƙin mata da yara da dattawa 'yan Sudan suna shiga ba biza, maza masu ƙarfi su tsaya layi a Wadi Halfa. Daga 10 ga Yuni 2023 Masar ta ce kowa sai da biza. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta kwashe 'yan ƙasarta, rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu 2023 daga Aswan bayan kwanaki a kan iyaka, aka kuma dawo da mutum fiye da 2,000 gaba ɗaya, yawancinsu ɗalibai. An yi ƙoƙari, Allah Ya saka. Amma wannan aiki na 'yan makonni ne, gidajen da aure ya haɗa ƙasa biyu kuwa matsalarsu ta shekaru ce. Daga 1 ga Mayu 2025 bizar gajeriyar ziyara ta koma ta intanet, abin da ya sauƙaƙa wa mai kwamfuta da katin banki na waje. Matar da ke zaune a ajin makarantar firamare a Gadarif da yara uku ba ta da ko ɗaya.

Ko bayan an iso, rajistar zama 'yar ƙasa ba a jihar miji ake gama ta ba. Takardu sai sun bi ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, a yi binciken tsaro, kwamiti ya zauna, shugaban ƙasa ya amince. A bikin da aka yi a Satumba 2022, mutum 286 aka ba shaidar zama 'yan Najeriya, 78 daga cikinsu ta hanyar rajista. A ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wadda 'ya'yanta suke aure daga Agadas har Jidda, wannan adadi yana nuna cewa yawancin matan da suka cancanta ba su ma san da ƙofar ba, ko sun gaji sun zauna haka nan. Zaman haka nan kuwa yana da tsada yanzu, tun da layin waya da asusun banki duk an ɗaure su da lambar NIN. Ranar da mijin ya rasu, matar da ta haifa mana 'ya'ya biyar sai ta wayi gari ba ta da wata takarda da ta san da zamanta.

Ƙofar ango

Gida na biyu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Matar 'yar Najeriya ce, ta je karatu, ta yi aure da yardar iyayenta, waliyyinta ya ba da ita, an biya sadaki. Mijin Bahaushen Gadarif ne, ko Balarabe, ko Banufe ma in aka bi salsala. Yaƙi ya ci aikinsa. Mahaifinta a Zariya ya ce su taho, ga ɗaki, ga gona.

'Ya'yansu ba su da matsala a doka. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a waje, in uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne na haihuwa. Wannan hakki ne da mata da yawa ba su san suna da shi ba, har wasu jami'ai kan nemi su rikita su da tambayar garin uba. An daɗe da yin irin wannan rigima a ƙasar nan. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Barno, ta tsallakar da shi Cadi bisa cewa ubansa ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta ce an zalunce shi, ta tabbatar masa da ƙasarsa, kuma asalin mahaifiyarsa na cikin abin da ya tsaya masa.

Uban yaran fa? Sashe na 26 mace ya ambata, bai ambaci namiji ba. Mijin 'yar Najeriya ba shi da hanyar rajista ko da aurensu ya shekara talatin. Abin da ya rage masa biyu ne. Na farko matsayin baƙo na musamman da sashe na 32 ya tanada, wanda yake ba shi cikakken izinin zama, amma ba fasfo, ba ƙuri'a, yana nan baƙo. Na biyu sashe na 27, hanyar da kowane baƙo yake bi, Bature mai kamfani ko Basine mai masana'anta: ya zauna shekara 15, gwamnan jihar da yake zaune ya shaida cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da su, ya nuna yana da abin da zai amfani ƙasa da shi. Shekara 15! Jaririn da aka shigo da shi a goye zai kusa gama sakandare kafin ubansa ya cancanci ya cike fam. Kuma a lura da lafazin sashe na 32: ya yi maganar abokan aure waɗanda ba sa son zama 'yan Najeriya. Wannan mutum yana so. Hanya ce ba a ba shi ba.

Tsarin mulkin da ya hana nuna bambanci saboda jinsi a sashe na 42, shi ne ya yi wannan bambanci a sashe na 26. An yi yunƙurin gyarawa. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan gyare-gyaren tsarin mulki, ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da wanda zai ba mijin 'yar Najeriya damar rajista. Mata suka tare ƙofar majalisa kwana da kwanaki. Ranar 8 ga Maris Majalisar Wakilai ƙarƙashin Femi Gbajabiamila ta janye matsayinta kan uku daga cikinsu, har da na zama ɗan ƙasa, da alƙawarin sake dubawa. Da Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyare-gyare 16 a Maris 2023, babu wannan a ciki.

Sudan ma haka take, kada a ce mu kaɗai ne. Dokar 1994 ta ba baƙuwar da ta auri ɗan Sudan damar samun jinsiyya bayan zaman shekara biyu da mijinta. Baƙon da ya auri 'yar Sudan kuwa sai ya bi dogon layi, wanda gyaran 2011 ya mayar shekara 10. Sai a 2005 aka yarda ɗan da uwarsa ce 'yar Sudan ya nemi jinsiyya ta wajenta. Ɗan Katsinan da ya yi aure a Gadarif ya zauna yana noman dawa, shi ma da iƙama, wato izinin zama, yake zaune, yana sabuntawa.

Amma maƙwabtanmu sun motsa. Nijar, wadda muke harshe ɗaya da addini ɗaya da ita, ta gyara dokarta a 2014, mace tana iya ba mijinta ƙasarta kamar yadda namiji yake ba matarsa. Senegal ta yi haka a 2013. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya buɗe wa miji da mata ƙofar. Ga kuma wani abu da ke ɓoye mana girman matsalar a Arewa: wanda ya auro daga Maraɗi ko Damagaram bai cika jin zafin dokar ba, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da shiga ba biza har kwana 90, kuma ko bayan ficewar Nijar a Janairu 2025 an bar zirga-zirgar jama'a yadda take. Sudan ba ta cikin wannan tsari. Bahaushen Gadarif, a wurin jami'in filin jirgin Malam Aminu Kano, matsayinsa ɗaya da wanda ya fito daga ƙarshen duniya.

Na san abin da ake faɗa a zaure in an ta da wannan magana. Wasu su ce mace ita ke bin miji, in ta auri ɗan Sudan ta zama ta Sudan. Haka al'ada take a lokacin lafiya, kuma ba wanda ya ce a rushe ta. Amma in gari ya ci wuta, gidan surukai mafaka ne, kuma ba abin kunya ba ne a addininmu. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya fita Masar cikin tsoro, a Madyana ya sami mafaka da mata, ya zauna shekaru a wurin surukinsa. Mu Hausawa ma labarin da muke bai wa 'ya'yanmu na asalin sarautunmu labarin baƙo ne da ya zo daga gabas, ya sauka Daura, ya auri sarauniyar gari. Wasu kuma su ce za a riƙa auren ƙarya don a sami fasfo, ga halin tsaro da ake ciki. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Maganinta bincike ne, da sharaɗin shekarun aure da za a ɗora wa kowa, mace da namiji. Kenya shekara bakwai ta sa wa duka biyun. Ingila kuɗi take dubawa, tun Afrilu 2024 sai mai samun fam 29,000 a shekara yake iya kawo abokin aurensa, tsarin da ya raba talakawa da iyalansu, kuma ba na fatan mu kwaikwaya. Amma ko a can ba a tambaya ko mai neman mace ce ko namiji. In auren ƙarya ake tsoro, namiji ma yana iya yin sa, kuma ba a rufe masa ƙofa saboda haka ba.

Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani a Janairu 2025, Hartum a Maris 2025, mutane da yawa sun bar Gadarif sun koma ganin abin da ya rage na gidajensu. Yaƙin bai ƙare ba, ya koma Kurdufan da Darfur, hanyar da kakanninmu suka bi. Gyaran sashe na 26 yana bukatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, ke nan ba zai yiwu ba sai da Arewa. Kwamitin gyaran tsarin mulki na Majalisar Dattawa Sanata Barau Jibrin na Kano ta Arewa ne yake jagorantarsa. Muna roƙon sa da sauran wakilanmu su dubi wannan sashe da idon 'ya'yanmu mata da ke aure a Sudan da Cadi da Saudiyya. Kafin nan akwai abin da ba ya bukatar gyaran tsarin mulki: Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da Hukumar Shige da Fice su fitar da bayani da Hausa da Larabci kan hakkin abokin aure, su karɓi rantsuwar kotu da shaidar dangi a madadin takardun da yaƙi ya ci, su kuma daina mayar da mutum baya saboda Usman da Osman.

Kai kuma mai karatu, in kana da 'ya ko ƙanwa ko ɗan'uwa da ke aure a Gadarif ko wani gari na Sudan, ka kira su a wannan mako. Ka tambaye su ina gasima, an buga mata hatimin kotu da na harkokin waje? Yaran suna da takardar haihuwa? Sunayen sun dace da na fasfo harafi da harafi? Su ɗauki hoton kowace takarda su turo maka, ka buga ka adana a nan gida.